Fasto ba zai iso ba sai bayan Ista, ni aka bar wa sujadar Mako Mai Tsarki

Tambaya: Ni dattijo ne a wani ƙaramin reshen ikilisiya a ƙauye, kudancin Jihar Katsina. Mu kusan hamsin ne har da yara. Fastonmu rassa huɗu yake zagayawa, ya ce bana ba zai iso wurinmu ba sai Lahadin da ke bayan Ista, saboda haka ni zan bi da sujada tun daga Lahadin Dabino. Ban yi makarantar Baibul ba. Littafi Mai Tsarki huɗu ne a duk majami'ar, Littafin Waƙoƙi biyu, waɗanda suka iya karatu sosai ba su wuce shida ba, wuta kuma babu. Bara sujadar Jumma'a Mai Kyau ta kai awa huɗu da rabi, mutane suka yi ta gyangyaɗi, wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi saboda zafi da azumi. Ran Lahadi kuma waƙoƙin ƙungiyoyi suka cinye lokaci, ba a karanta labarin tashin Ubangiji ba sai da rana ta take. Ko 'ya'yana, Ista a wurinsu shinkafa ce da sabon ɗinki. Abin nan yana hana ni barci. Wane littafi zan saya, me zan karanta, yaya zan tsara?

Amsa: Dattijo, muna gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ka kwantar da hankalinka game da sayen littafi. Abin da jama'arka suke bukata a makon nan yana cikin Littafi Mai Tsarki huɗun da kuke da su, wato labarin shan wuyar Yesu da mutuwarsa da tashinsa, a karanta musu shi da murya, a natse, kashi-kashi, kowace rana da rabonta. Abin da ya faru bara ba rashin kayan aiki ya kawo shi ba. Maganganun mutane ne suka yi yawa har suka danne labarin. Aikinka bana shi ne ka share wa labarin fili.

Ka ɗauki Bisharar Markus ita kaɗai ka bi ta har ƙarshen mako. Ita ce mafi gajarta cikin huɗun, sura 16, kuma Markus yana faɗin ranaku da sa'o'i dalla-dalla, har ka ce don irin wannan aiki ya tsara ta. Lahadin Dabino ka karanta 11:1-11, shigar Yesu Urushalima a kan aholaki. Litinin 11:12-19, itacen ɓaure da korar masu ciniki daga Haikali. Talata ita ce ranar doguwar koyarwa, daga 11:20 har ƙarshen sura 13, ba za ta karantu a zama ɗaya ba, sai ka tsinci 12:1-12, da 12:28-34, da labarin gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a 12:41-44. Laraba 14:1-11, macen da ta fasa tulun turare a Betanya, da Yahuza da ya tafi wurin manyan firistoci. Alhamis 14:12-52, daga jibin Idin Ƙetarewa zuwa kamun da aka yi a Getsamani. Sauran surar, shari'ar dare da musun Bitrus, ka bar ta ta buɗe sujadar Jumma'a, sannan sura 15 gaba ɗayanta. Daga Litinin zuwa Laraba minti talatin bayan faɗuwar rana ya isa: waƙa ɗaya, karatu, tambaya ɗaya tak ga jama'a, addu'ar mutum biyu, a tashi. Tambayar ta zama mai sauƙi, irin su, wa ya ba ku mamaki a labarin nan, kuma don me? Za ka ga tsohon da bai taɓa buɗe baki a majami'a ba ya amsa.

Karatun shi ne ginshiƙin komai, don haka kada ka miƙa wa mutum littafi a take ka ce karanta. Ka tara masu karatun nan shida tun kafin Lahadin Dabino, ka raba musu, kowa ya karanta rabonsa da ƙarfi aƙalla sau uku a gabanka. Inda suke tuntuɓe sunaye ne: Baitfaji, Getsamani, Barabbas, Golgota, Arimatiya, da kukan nan na Markus 15:34 wanda aka bari da harshen Aramiya. Su maimaita su har su zauna a baki. Ka kuma duba littattafan huɗu, domin mai yiwuwa ba fassara ɗaya ba ce. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 an yi wasu fassarori bayansa, har sunan littafi yakan bambanta, wannan ta ce Yahaya, waccan ta ce Yohanna. In mai ba da labari yana riƙe da ɗaya, mai amsa masa yana riƙe da wata, za su rikice a tsakiyar aya. Ku tsaya kan fassara ɗaya, in littattafan ba su isa ba a kwafe wa kowa rabonsa da hannu a takardar makaranta, da manyan baƙaƙe, don a fitila za a karanta.

Game da ganyen Lahadin Dabino, kada ka aika a sayo daga nesa. Yahaya 12:13 ne ya ambaci rassan dabino, Markus kuwa cewa ya yi rassan da aka saro daga saura. Kaba ta yi, reshen darbejiya ma ya yi. In dabinon ne kuka samu, a sare ƙayoyin da ke gindin reshen kafin a miƙa wa yara, suna huda hannu da ido. In za ku zaga da waƙa a cikin gari, ka fara zuwa wurin mai unguwa ka sanar da shi rana da hanya. In garin ba a natse yake ba, zagaya majami'a sau ɗaya ya wadatar.

Ran Alhamis kada ka ba da Jibin Ubangiji. A yawancin ikilisiyoyinmu aikin fasto ne da aka naɗa, yin sa ba da izini ba zai haifar da rigimar da za ta daɗe fiye da Istar kanta. Ka karanta labarinsa, ka gaya wa jama'a za a ci ran da fasto ya zo, su fara shirya zuciya, mai riƙe da ɗan'uwansa ya je su sasanta. Wankin ƙafa na Yahaya 13:1-17 kuma ya danganta ga ɗarikarku. 'Yan ɗarikar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun saba da shi, wasu ba sa yi. Ka tambayi fasto. In ya yarda, maza gefe guda, mata gefe guda, kowane ɓangare da roba biyu, da tawul biyu, da bokitin ruwa mai tsabta da moɗa, a zuba a kan ƙafa a zubar, ba a tsoma ƙafafu ashirin a ruwa ɗaya ba.

Yanzu ga Jumma'a, inda abin ya fi ɓaci bara. Markus ya ce an gicciye Yesu da ƙarfe 9 na safe, duhu ya rufe ƙasa daga 12 na rana zuwa 3, a nan ya saki ransa. Shi ya sa majami'u da yawa suke zama daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3. Al'ada ce mai kyau, amma ba doka ba ce. Ista kullum tana faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a ƙasar Hausa tsakiyar bazara ke nan. Mutum hamsin a ƙarƙashin kwano, da azumi a baki, a irin wannan sa'a, dole wani ya faɗi, ga shi lokacin sanƙarau ne da ba a son cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ku fara da ƙarfe 7 na safe ku tashi kafin 9. Da ƙarfe 3 na rana sai a buga ƙararrawa sau ɗaya, kowa ya tsaya inda yake, a gida ko a gindin bishiya, ya yi shiru ya yi addu'a. A buɗe tagogi duka, a ajiye randa da ruwa a bakin ƙofa. Ka kuma faɗa da bakinka tun ran Lahadi cewa tsofaffi, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da masu ciwon suga ko gyambon ciki, da duk wanda yake shan magani a kan lokaci, kada su yi azumin ƙin ci da sha. In ba daga bakin shugaba suka ji ba, kunya za ta hana su kurɓar ruwa.

Kalmomi bakwai da Yesu ya faɗa a kan gicciye su ne suka saba jan lokaci, domin mutum bakwai ake ba, kowa kuma ya zo da cikakken wa'azi. Uku suna cikin Luka, 23:34, 23:43 da 23:46. Uku suna cikin Yahaya, 19:26-27, 19:28 da 19:30. Ɗaya tana Markus 15:34, Matiyu ma ya kawo ta. Jerin da aka saba bi shi ne roƙon gafara ga masu gicciye shi, alkawari ga ɗan fashin da ya tuba, danƙa uwarsa ga almajirin, kukan yashewa, ƙishirwa, cikar aiki, sai miƙa ruhunsa ga Uba. Kowace kalma ka ba ta minti 9: ɗaya na karatu, biyar na bayani, ɗaya na shiru, biyu na baiti guda na waƙa. Bakwai ɗin awa ɗaya ke nan da 'yan mintoci. Ka haɗa da karatun Markus na kusan kwata, da buɗewa da rufewa, ba ku kai awa biyu ba. Ka zaunar da wani a benci na gaba da agogo, in minti huɗu na bayani ya cika ya ɗaga hannu, alamar saura minti ɗaya. Ka shaida wa masu magana wannan tun a gida, gaba da gaba, don kada wani ya ɗauka an ci masa fuska a gaban jama'a. In a cikinsu akwai wanda ya girme ka kuma ka san ba ya tsayawa, ka ba shi addu'ar rufewa, girma ce, kuma tana da iyaka.

Minti ɗayan nan na shiru kada ka yar da shi. Zai yi maka tsawo, za ka ji kamar ka cike shi da magana ko waƙa. Ka daure. A nan ne abin da aka karanta yake sauka.

Don taimakon masu bayani, uku daga cikin kalmomin suna da saiwa a Zabura. Kukan yashewa farkon Zabura 22 ne, ƙishirwa da ruwan tsami suna 69:21, miƙa ruhu kuma 31:5. Wanda aka ba ɗaya daga cikinsu ya karanta zaburar, ya riga ya sami abin faɗa na minti biyar. Kalma ta farko kuwa a ba wanda ya san zafin rashi. A cikin jama'arka ba mamaki akwai wanda aka kashe masa ɗa ko aka kore masa shanu. Kada a tsawata masa a ce ya yafe yanzu-yanzu. A nuna masa Yesu yana roƙon gafara da ƙusa a hannunsa, a bar maganar ta yi aikinta. Kada kuma wani ya mai da mumbari wurin zagin Yahudawa, ko wurin mayar wa maƙwabtanku Musulmi martani don sun bambanta da mu a kan gicciye. Ishaya 53:5-6 ya ɗora dalilin mutuwar a kan laifofinmu, mu da muke zaune a majami'ar.

Matasa za su so yin wasan kwaikwayo. Inda yake lalacewa sananne ne: sojojin Roma su zama 'yan ban dariya, Yahuza ya riƙa rawa da jakar kuɗi, jama'a su tuntsire da dariya a daidai inda ya kamata a yi tsit, wani lokaci ma a yi wa yaron da ke matsayin Yesu bulalar gaske ko a ɗaure shi a katako cikin rana. Ka ba su abin da ya fi wannan. A raba karatun Markus 14:53 zuwa ƙarshen sura 15 murya-murya: mai ba da labari, Yesu, babban firist, Bitrus, baranya, Bilatus, jarumin soja. Inda taro ya yi ihu a gicciye shi, dukan jama'a su faɗa da bakinsu, manya da yara. Mutum ba ya furta wannan kalma da kansa ya koma yin dariya.

Littafin Waƙoƙi biyu sun isa in akwai mai ba da waƙa da zai faɗi layi jama'a su bi. Ku zauna da shugabar Zumuntar Mata da shugaban mawaƙa ku ware waƙoƙi gida biyu, na gicciye da na tashi, kuna duban kalmomin, ba daɗin muryar kaɗai ba. Daga Alhamis zuwa Asabar na gicciye kawai, a hankali, a ajiye ganga da tulu da caki. Duk waƙar da ke cewa ya tashi a ɓoye ta sai Lahadi. In kunne ya yi kwana uku bai ji kiɗa ba, bugun farko na safiyar Ista shi kansa shela ne.

Asabar ba sai an taru ba. A gida a karanta Matiyu 27:62-66 da Makoki 3:19-33, da la'asar kuma dattawa da mata biyu-biyu su leƙa gidajen da aka yi rashi cikin shekarar. Abin da za ka tsare a ranar shi ne koyon waƙa da girki kada su kai tsakar dare, don su ne suke sa rabin jama'a su makara da asuba. Kwanan addu'a a majami'a kuwa, in hanyoyinku ba su da tsaro da dare, ka bar shi, babu laifi a cikin haka.

Ran Lahadi ka juya tsarin bara. Labarin tashin shi ne abu na farko, kafin sanarwa, kafin gaisuwar baƙi, kafin kowace ƙungiya ta miƙe. Ku taru a waje gari na wayewa, ka ce Almasihu ya tashi, jama'a su amsa hakika ya tashi, sau uku. A karanta Markus 16:1-8, a bi da Yahaya 20:1-18, sannan a saki kiɗa. Ƙungiyoyi kowace waƙa ɗaya, minti huɗu, ka gaya musu tun ana saura mako cewa sauran waƙoƙin da suka koya suna da wuri ran Litinin in an fita Galili, wato fitar murna da ake yi washegarin Ista. Wa'azinka minti goma sha biyar ne daga 1 Korantiyawa 15:1-8 da aya 20. Bulus ya riga ya tsara maka shi: ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, an gan shi. Ka faɗi huɗun nan da Hausar da kake magana da ita a gona, ka lissafa waɗanda suka gan shi, Kefas, wato Bitrus, da almajirai sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, da Yakubu, da Bulus kansa, ka zauna.

Wani matashi zai tare ka ya ce daga Jumma'a zuwa Lahadi ina kwana uku. Ka shirya masa amsa. A lissafin Yahudawa yini yana farawa da faɗuwar rana, kuma ɓangaren yini ana ƙirga shi yini. Jumma'a kafin rana ta faɗi ɗaya, Asabar biyu, Lahadi uku. Ka buɗe masa Esta 4:16, inda ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, sai 5:1 ta ce a rana ta uku ta shiga wurin sarki.

Maganar 'ya'yanka kuma, ba za ka raba su da shinkafa da sabon ɗinki ba, ba ma sai ka yi ba, ranar murna ce. Ka ba su abin da za su taɓa da hannu. Ka sami faifai da ƙyalle, kowane dare bayan tuwo ka ɓoye abu ɗaya a ƙarƙashi, ƙaramin cikinsu ya buɗe, ka ba da labarin cikin minti biyar, washegari su ne za su maimaita maka na jiya kafin a buɗe sabo. Lahadi reshe, Litinin igiya, wadda Yahaya 2:15 ya ambata a korar masu ciniki, Talata ƙwandala biyu, Laraba kwalbar turare da tsakuwa 30 a madadin azurfar Matiyu 26:15, Alhamis gutsuren burodi da kofi da tawul, Jumma'a ƙayar aduwa da ƙusa uku, Asabar farin ƙyalle da dutse. Safiyar Lahadi su ɗaga ƙyallen su tarar babu komai. Malaman Makarantar Lahadi ma za su iya ɗaukar wannan yadda yake. In wani ya kawo muku hotunan zomo da ƙwai masu launi daga intanet, al'adar Turai ce, ba ta cikin labarin, ku bar ta.

In akwai mai babbar waya a cikinku, ya shiga gari inda sabis yake da ƙarfi ya sauke karatun Sabon Alkawari da muryar Hausa daga manhajar Bible.is ko YouVersion, ya gwada shi da data a kashe kafin ya dawo, don sau da yawa mutum yakan zaci ya sauke alhali bai sauka ba. Da ƙaramar sifika da aka yi wa caji, tsofaffin da ba sa iya fitowa za su ji rabon kowace rana a ɗakinsu. In kuna da 'yan kuɗi a asusu, Littafi Mai Tsarki biyu masu fassara ɗaya da wadda kuka zaɓa sun fi muku kowane littafin wa'azi amfani.

Ista ba ta ƙarewa ran Litinin. Kwana 50 ne har Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, hawan Yesu sama kuma a rana ta 40, wadda kullum Alhamis ce. A 2027, alal misali, Ista 28 ga Maris ce, Fentikos 16 ga Mayu. Tun da fasto ba kowane mako yake zuwa ba, ga abin da za ka karanta a Lahadi shida da ke tsakani: Toma a Yahaya 20:19-31, hanyar Imuwasu a Luka 24:13-35, Bitrus a bakin teku a Yahaya 21, makiyayi mai kyau a Yahaya 10 tare da Zabura 23, jikin tashi a 1 Korantiyawa 15:35-58, hawa sama a Ayyukan Manzanni 1:1-11. Ran Fentikos sai sura 2. Na karatun gida kuma lissafin ya faɗa daidai: daga Litinin ɗin Ista zuwa Fentikos kwana 49 ne, Yahaya sura 21 ce, Ayyukan Manzanni 28, sura ɗaya kowace rana. Abin da yake kashe wannan karatu shi ne sharar gona da saukar ruwan fari, mutane su dawo a gajiye su yi barci a kan tabarma kafin a buɗe littafi. Da zarar aikin gona ya kankama, ku mai da shi da sassafe kafin a ɗauki fartanya.

Kafin Lahadin Dabino ka rubuta tsarin nan duka a takarda ɗaya, da sunan mai yin kowane abu da mintocinsa, ka kai wa fasto ko ka karanta masa ta waya ya gyara abin da bai dace da ɗarikarku ba. Sannan ka roƙe shi ya kira sauran dattawan da kansa ya ce ya gani ya amince, don ranar da mai agogo zai ɗaga wa wani babba hannu, a san da yawun fasto aka yi.